Kawu Ilu da Takalman da Ke Tafiya Su Kaɗai

Labarin ya same ni a aji, ina tsakiyar koya wa 'yan mata yadda ake auna kusurwa. Makarantarmu ta mata ce, namiji ba ya wuce ƙofa, don haka saƙo kan bi ta hannu biyu kafin ya iso: mai kawo shi ya faɗa wa mai gadi, mai gadi ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta shigo da shi. A wannan hanya saƙo kan rage kaifi. Matar ta tsaya a bakin aji ta ce, "Abla Saudatu, ana nemanki a gida, kawunki ba ya jin daɗi." Abla shi ne yadda ake kiran malama a nan. Na dubi fuskarta na ga ta riga ta yi mini ta'aziyya da ido. Na ajiye alli, na ɗauki abayata. Kafin in isa unguwarmu ta Utaibiyya an riga an kai shi Harami, an sallace shi bayan azahar, maza sun wuce da shi maƙabarta. A Makka ba a jinkiri da mamaci, mata kuma ba sa bin gawa. Abin da na tarar shi ne tabarma a naɗe da takalmansa a gindin matakala. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Sunansa Malam Ilyasu, amma a unguwa ba wanda zai gane wa kake nufi sai ka ce Ilu Mai-fenti. Ƙanin mahaifiyata ne. Sana'ar da aka san shi da ita rubuta alluna ce: sunan mai kanti, sunan mai gasa burodi, da lambobin motocin alhazai idan aikin hajji ya matso. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, bai taɓa samu ba, ya kuma daɗe da daina nema. Yakan ce hukuma ba ta san da zamansa ba, amma rabin sunayen da ke rataye a unguwar da hannunsa aka rubuta su. Wannan shi ne Ilun da mutane suka zo yi wa mahaifiyata gaisuwarsa, kuma abin da suka faɗa a kansa gaskiya ne: ba shi da abokin faɗa, sallar jam'i ba ta wuce shi. Ni kuwa ina so in rubuta game da ɗaya Ilun, wanda ya kafa gidan zane mai motsi a saman bene, shi ne shugaba, shi ne ma'aikaci, shi ne mai shara. In ban rubuta ba ba wanda zai rubuta, domin ba a cika ajiye tarihin kamfanin da bai taɓa samun mutum na biyu ba.

Asalin abin yana kan hanya. Kawu ya baro Kano da ƙafa yana sabon ango, cikin ayarin masu niyyar hajji, shi da matarsa Rakiya. Mahaifiyata ta riga shi zuwa da shekaru, ba ta taɓa ganin amaryar ba. Tafiyar wancan zamani ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. A yi Barno, a yi Wadai, a tsaya a yi ƙwadago a samu guzuri, a ci gaba. Kuma tafiya tana da tsarinta. Maza a gaba da sanda a hannu, mata a baya da kaya a ka. Miji ba ya jerawa da matarsa, ba ya kuma waiwayenta a gaban mutane, in ba haka ba a ce ba shi da kunya, ko a ce an shanye shi. Haka suka keta ƙasa bayan ƙasa, shi a gaba, ita a baya. A wani wuri cikin rairayin Darfur ciwo ya kama Rakiya, ta yi ta jurewa, har ranar da ta sauke kayanta a gindin wata bishiya ba ta sake ɗauka ba. A nan aka binne ta. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba.

Kawu ya daɗe a Sudan yana cirar auduga kafin ya samu ya ƙetaro teku. A can ne, a wani gari, ya hau katangar silima tare da sauran masu kallon kyauta, ya ga katun karo na farko. Duk katangar dariya take, shi bai yi ba. Wani na kusa da shi ya gaya masa ai ba dabba ba ce, zane ne, takarda bayan takarda, ana sauya su da sauri har ido ya ruɗe ya ga motsi. Ya ce mini tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. "Idan layin alƙalami zai iya tafiya," in ji shi, "to tafiyar da ta ɓace ma ana iya maido ta." Sai da ya zauna zai fara, ya gano abin da ya zama ciwonsa har ƙarshen rayuwa: bai san yadda Rakiya ke tafiya ba. Ya san fuskarta, ya san zamanta, ya san yadda take riƙe muciya. Ya gan ta tana kai-komo a zango, amma wannan, in ji shi, zirga-zirga ce, ba tafiya ba. Tafiyar hanya, da kaya a ka da rana a wuya, bai taɓa gani ba. Ya keta rabin duniya da mace, kuma duk tsawon hanyar a gaba yake.

Da ya iso Makka ya samu ɗaki a rufin wani bene, lungu ɗaya da gidanmu. Kafin ya taɓa fensir ya je wurin malamin unguwa ya yi tambaya. Malam ya ce kada ya zana mai rai: ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu. Bishiya da tulu da dutse ba laifi. Kawu ya tambaya ko takalmi yana da rai. Malam ya ce ba shi da shi. Zani fa? Shi ma haka. Ƙwarya fa? A nan Malam ya fara zargin wasa ake yi masa, ya ce ya tashi ya ba shi wuri. Kawu ya riƙe wannan fatawa iyakar ransa, bai ƙara mata ba, bai rage ba. Saboda haka duk abin da gidan zanensa ya fitar a tarihinsa bai wuce wannan ba: takalma a ƙasa, gefen zani yana kaɗawa a samansu, ƙwarya can sama a inda kai zai kasance. Tsakaninsu farar takarda.

Na'urar da hannunsa ya haɗa ta. Ya yanke garwar kananzir ya lanƙwasa ta kamar ganga, ya tsattsaga gefenta, ya ɗora a kan ƙafar wani tsohon keken ɗinki. Zanen kuwa a doguwar takarda yake jera shi, ya naɗa a cikin gangar. Mai kallo ya zauna a kujera ya sa ido saitin tsagar, Kawu ya taka keken. Ganga na juyawa sai ka ga takalma sun ɗaga sun sauka, zani ya kaɗa, ƙwarya ta ɗan karkata ta dawo. Ba inda suke zuwa, kuma ba sa tsayawa. Na'urar tana da ƙara: ƙas, sannan wani ja a hankali kamar ana jan tsintsiya a ƙasa, ƙas, sannan ja. Duk wanda ya zauna sai ya ba shi shawarar ya sa mata mai. Ni ma na ba shi, har na kawo masa man keken mahaifiyata. Ya karɓa ya yi godiya, ya shafa wa ƙofar ɗakin. Idan yana taka keken kuma rufe ido yake yi, mukan ɗauka gajiya ce.

Ya rubuta allo da mafi kyawun hannunsa, da Larabci da ajami: Gidan Zanen Tafiya. Ya rataye shi a cikin ɗaki yana fuskantar gadonsa, don kada ya jawo hankalin masu tambayar takardu. Shahara kuwa ya yi ta, iyakar lungunan da ke kewaye da shi. Mata kan aiko a tambaya ko gaskiya ne yana da aljana a garwa. Alhazan da aka sauke a benen kan hau su leƙa, wasu su yi salati, wasu su tambaya ina matar take. Wani alhaji mutumin Gusau ya kalla ya ce aiki ya yi kyau, saura a cike tsakiyar. Kawu ya ce masa tsakiyar nan ita ce duk aikin.

Ni a Makka aka haife ni. Mahaifina ɗan kasuwa ne mai takardar ɗan ƙasa, kuma da yake a lokacin babu makarantar mata ta gwamnati a nan, ya tura ni Alƙahira, na yi karatu har jami'a. Duk hutun da na dawo kowa tsaraba yake tambaya, Kawu labari. Ya san akwai wani Ba'amurke da ya kafa gidan katun da ya fi kowane shahara a duniya, wanda aikinsa ne ya gani daga kan katanga, kuma ya ɗora mini nauyin kawo masa tarihinsa. Na karanto a mujallu na zo na ba shi: cewa mutumin ya kafa kamfani na farko ya karye, ya tattara ya koma wani gari, ya sake farawa a garejin baffansa, cewa yanzu ɗaruruwan masu zane ke aiki a ƙarƙashinsa, shi kansa ya daɗe bai zana komai ba. Kawu ya saurara kamar ana ba shi labarin ɗan ƙauyensu da ya yi arziki a birni. Wurin gareji ya ce, "Baffa kenan. Da kawunsa ne, ɗaki zai ba shi." Wurin ɗaruruwan ma'aikata kuwa ya tambaya ko a cikinsu akwai wanda aikinsa tafiya ne kawai, ya riƙa kai-komo ana kallonsa ana zanawa. Na ce na karanta cewa sukan yi haka. Ya ce, "To kin ji. Shi yana da wanda zai kalla."

Bai taɓa kiran mutumin da suna ba, abokin sana'a yake ce masa. Farkon azumin da ya wuce, da rediyo ya faɗi mutuwarsa, Kawu ya lulluɓe gangar da mayafi, ranar bai taka keke ba. Na ce masa mutumin nan fa bai san da zamanka a duniya ba. Ya ce hukuma ma ba ta sani ba, amma bai fasa girmama ta ba. Ban zaci kafin alhazan bana su iso shi ma zai bi bayansa ba.

Yadda yake aiki ma abin faɗa ne. Kowace shekara, bayan an tashi daga Muzdalifa, filin kan cika da abin da mutane suka bari cikin turmutsitsi, mafi yawa takalma, ƙafa ɗaya ɗaya. Da yake shi ke rubuta lambobin motoci, direbobi sun san shi, sukan rage masa hanya. Masu tsince-tsince na neman abin sayarwa, shi yana neman takalmin mata wanda ya ci ƙasa sosai. Ya cika buhu, ya wanke su, ya jera a rufin bene, yana juya su yana duba inda dunduniya ta cinye. Yakan ce daga cin takalmi yake gane mai sauri, da mai nauyin kaya, da wadda ke ɓoye ciwo. Ba zai iya tsayawa a titi yana kallon matan mutane ba, kuma a Makka ko ya kalla baƙar abaya zai gani har ƙasa. Don haka takalman da aka yar su ne 'yan wasansa. Mahaifiyata ta ce ya mai da rufin mutane juji. Shi ya ce ma'aikatansa ne, kuma ba wanda ya taɓa neman hutu a cikinsu.

Sau ɗaya ya nemi fita da aikinsa duniya. Ya ji a Jidda akwai masu nuna fim a tsakar gida ba da sanin kowa ba, ga kuma talabijin an buɗe. Ya naɗe takardunsa mafi kyau ya shiga motar kaya. Washegari ya dawo. Mai gidan da ake nuna fim ɗin ya duba ya ce masa, ya ammi, wato baffa, mutane fuska suke zuwa gani, ba wanda zai zauna ya kalli takalmi. Kawu bai ji haushi ba. Ya ce mutumin gaskiya ya faɗa, shi ma da fuskar zai samu ai da ya fi so. Daga nan bai sake maganar Jidda ba. Dama ba taron jama'a yake nema ba. Mai kallo ɗaya yake nema, kuma ta ƙi zuwa.

Hajiya Tabawa yayar Rakiya ce, kuma ita kaɗai ta rage daga ayarinsu. Ita ke bin bayan Rakiya a layin mata tun daga Kano har gindin bishiyar nan. Idan akwai idon da ya haddace tafiyar, nata ne. Tana zaune a rumfar kwano can wajen Kudai, tana sayar da hatsin tattabaru a kusa da Harami. Duk salla Kawu kan je gaishe ta da ɗan shayi da sukari, ya durƙusa a bakin rumfa ya ce, Yaya, ki zo ki duba mini sau ɗaya, ki ce ita ce ko ba ita ba ce. Ita kuma ta karɓi shayin ta ce ba ta kallon gumaka. Ya ce babu mai rai a ciki. Ta ce ai ta sani, shi ya sa.

Ba maganar halal da haram ce ta hana ta ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ni da kaina ta gaya mini, wata rana da na tsaya gaishe ta a bakin sana'arta. Ta ce ƙanwarta ta yi kwanaki tana jan ƙafa, jiki na zafi, ta ƙi gaya wa kowa don kada a ce ita ta tsai da ayari, ko a bar su a wani ƙauye su kaɗai. Mijinta kuwa ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ma, a daidai kwanakin ne ya tsiri nasa ciwon ƙafa. Ya riƙa ɗingishi, yana roƙon madugu a rage sauri, a huta a wannan inuwa, a huta a waccan, har maza suna masa dariya suna ce masa ragon ango. "Mace na mutuwa a bayansa," in ji ta, "shi yana kukan ƙaya. Yanzu ya ce in zo in ga takalminta?" Na kai wa Kawu maganar, ba duka ba. Ya ce Yaya tana da gaskiyarta, ya koma kan fensirinsa. Haka halinsa yake. Bai iya kare kansa ba, kuma ina jin bai ga amfanin koya ba.

Bai sake aure ba. An kawo masa zance sau da dama, ya ce ɗakinsa ya cika da ma'aikata. Abincinsa daga gidanmu ake kai masa, shi kaɗai yake ci, yana fuskantar allonsa. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da duk unguwa ta sani ake masa tsiya a kanta: ba ya shiga gaban mace. Idan zai raka mu Harami sai ya yi ta jan jiki har mu wuce, ya biyo baya kamar ɗan rakiya. Mahaifiyata kan juyo ta ce, Ilu, don Allah wuce gaba, kana ba ni kunya a titi. Ya ce, "Yaya, na yi gaban nan, na ga iyakarsa." Muna yara mun ɗauka raha ce.

A 'yan shekarun nan idonsa ya yi rauni, yana zane hancinsa na kusan taɓa takarda. Cikin azumi ya gama wani sabon jerin zane ya ce mini wannan ya kusa. Haka yake faɗa duk shekara. Da ƙaramar salla ya tafi Kudai da shayinsa da sukarinsa, ya dawo shi kaɗai kamar kullum. Na tambaye shi me ta ce, ya ce ta ce a gaishe ni. Ranar da ya rasu mai kawo ruwa ne ya same shi da hantsi, zaune a kan kujerar keken, ƙafarsa ɗaya a kan matakin, kamar ya tsaya ne ya huta.

Zaman makoki a gidanmu aka yi shi. Mai benen ya aiko da ta'aziyya, tare da tunasarwa cikin ladabi cewa alhazai sun kusa, yana bukatar ɗakin. Mahaifiyata ta ce a ƙone takardun, takalman kuma a zubar. Ban yi musu ba, domin ban san abin da zan ce a ajiye su don shi ba. A ranar ƙarshe ta zaman, bayan la'asar, Hajiya Tabawa ta shigo. Ta gai da mahaifiyata, ta yi addu'a a taƙaice, ta sha gahawa. Da ta fara gyara mayafi za ta tashi na matsa kusa da ita.

Na ce, "Hajiya, gobe za a kwashe ɗakin. Ba don shi ba, shi ya riga ya tafi. Ni ce nake so in san ko abin da ya ƙarar da ransa a kai ya yi daidai."

Ta dube ni ta ce, "'Yar boko, ke komai sai kin ba shi maki."

Na ce aikina kenan. Ta ce gwiwarta ba ta son matakala. Amma ta miƙe.

Mun hau a hankali, tana hutawa tana faɗin abin da take gani game da masu gina bene. A rufin ta ratsa ta tsakiyar takalman ba ta dube su ba. Na zaunar da ita a kujerar mai kallo, na cire mayafin, na zauna a wurin Kawu na fara takawa. Ta sa ido a tsagar. Ba ta daɗe ba ta ce, "Ba ita ba ce." Ta ce Rakiya gajeren taku take yi, zaninta ba ya kaɗawa haka, ƙwarya kuwa ba ta karkata a kanta ko da gudu take. Wannan, in ji ta, tafiyar wata Baturkiya ce ko 'yar Jawa, duk wadda ya tsinto takalminta. Ta faɗa ba da gori ba, kamar yadda ake gaya wa tela ya gajarta hannu. Ban yi mamaki ba. Ta jingina da bango ta rufe ido don gajiyar matakala. Ni kuma ƙafata ba ta riga ta tsaya ba.

"Kar ki tsaya," in ji ta.

Na ci gaba. Ƙas, ja. Ƙas, ja. Idonta a rufe ta tambaye ni wa ya sa wannan ƙarar. Na ce keken ne ya tsufa, mai yake so, Kawu ya ƙi sa masa. Ta ce in leƙa. Na durƙusa na duba ƙarƙashi, inda ba wanda ya taɓa dubawa domin kowa gangar yake kallo. A jikin ƙarfen da ke juyawa an ɗaure fata iri biyu. Ɗaya busasshiya ce, tana dukan katako. Ɗaya mai laushi ce, tana jan kanta a cikin wani ɗan faranti da aka zuba wa rairayi. An kafa su da ƙusa, an kuma sha sauya musu wuri, domin katakon cike yake da tsofaffin ramuka. Na gaya mata. Ta ce in koma in taka.

"Haka take a kwanakin ƙarshe," in ji Hajiya. "Dama ta taka, hagu ta ja. Ni da nake bayanta ma ban lura da wuri ba." Keke na ta tafiya. "Ashe yana ji."

Na ci gaba da takawa. Can ta sake magana, ba ni take gaya wa ba. "Hagu ya riƙa ɗingisawa shi ma. Na ce a nuna mini ƙayar in cire, ya ƙi."

A nan muka gane tare, ni da ita. Bai iya waiwayowa ba, bai kuma iya tona abin da matarsa ta rufe ba a gaban maza. Sai ya ɗauki ciwon ya sa a ƙafarsa, ya bari a yi masa dariya, don ayari ya rage sauri ta samu inuwa. Ya yi shekaru yana neman tafiyar da ido, wanda bai taɓa ganinta ba, alhali tana kunnensa tun daga Darfur, kuma ya riga ya maido ta da fata da ƙusa, muna ce masa ya sa mai.

Hajiya ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Ta sa na yi ta takawa har aka kira magariba. Da za ta sauka ta ce takardun mu yi yadda muka ga dama da su, amma keken a kai mata Kudai. An kai. Maƙwabtanta suna zaton ɗinki ta koya da tsufa, har wata ta kawo mata yadi. Allon kuwa yana ɗakina, da jerin ƙarshe wanda ya ce ya kusa. Sauran mahaifiyata ta ƙone.

Tarihin Gidan Zanen Tafiya kenan. Fim ɗaya ya fitar, mai kallo ɗaya yake nema, ta kalle shi da ido a rufe, bayan mai shi ya kwanta. Na abokin sana'arsa an cika mujallu da shi, kuma ya cancanta. Na Kawu iyakarsa wannan takarda. Abin da ya fi zama mini a rai shi ne ya tafi bai ji kalmar da ya sha durƙuso a bakin rumfa don ya ji ba. Wataƙila kuma bai bukace ta kamar yadda muka zata ba, tun da yakan rufe ido.

Allah Ya jiƙan Malam Ilyasu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci a wannan ƙasa da ya zauna a cikinta ba takarda, ta kuma karɓe shi ba ta tambaya ba. Allah Ya jiƙan Rakiya a gindin bishiyar da ba wanda ya san inda take sai Shi. Ya ba mahaifiyata haƙurin rashin ƙaninta, wanda shi ne na ƙarshe da ya san gidansu na Kano. Ya sanyaya zuciyar Hajiya Tabawa, Ya sauƙaƙa mata abin da ta ɗauka yanzu a madadin wanda ta sauke. Mu da muka rage Ya sa mu cika da imani. Shi da Rakiya kuma Allah Ya haɗa su a Aljanna, inda babu layin maza da na mata, Ya sa su jera.